Yawon dare a kufan Ayuttaya: ta ina za a fara, kuma wane labari ne na garin?

Sagiru: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. A watan Disamba zan je Bankok sarin kaya, kuma ina so in keɓe kwana ɗaya in leƙa Ayuttaya, tsohon babban birnin ƙasar Tailan, domin na ji ana cewa kufansa ya fi kyan gani da dare, mutanen garin kuma suna da labaran fatalwa masu yawa. Wanda ya san wurin ya taimaka mini da shawara. A ƙafa ake yawon, ko sai da abin hawa?

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam, Sagiru. Garin yana da nisan kimanin kilomita 80 arewa da Bankok, kuma jirgin ƙasa zai kai ka cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Idan ka sauka a tasha, sai ka ɗan taka zuwa bakin kogi ka shiga jirgin fito, domin tsohon birnin tsibiri ne da koguna uku suka kewaye, wato Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi. Ka sani cewa ana rufe yawancin tsofaffin wuraren ibadar da magariba, saboda haka abin da ake kira yawon dare kallo ne daga waje, bayan an kunna fitilun da ke haska hasumiyoyin. Shawarata ita ce ka shiga cikinsu da rana, da la'asar sakaliya ka hau kwale-kwalen da ke zagaya tsibirin, wanda yakan tsaya a Wat Chaiwatthanaram (Wat na nufin wurin ibadar mabiya addinin Buda) daf da faɗuwar rana. Sarki Prasat Thong ne ya gina shi a 1630, kuma a ganina babu ginin da hasken dare ya fi karɓa kamarsa. Ka kwana a garin, kada ka matsa wa kanka da komawa Bankok a daren.

Hajiya Binta: Alhaji ya gama maganar hanya, ni kuma zan yi maganar labaran. Ɗana Sagiru, idan ka ɗauki ɗan rakiya, ka lura da irin abin da yake ba ka, domin da yawansu sukan cika dare da labarin Krasue, kan mace mai yawo a sama da kayan ciki suna reto, ko labarin Mae Nak, alhali ta farkon a ko'ina cikin ƙasar ana ba da ita, ta biyun kuma 'yar unguwar Phra Khanong ce a Bankok. Labaran da suke na Ayuttaya ne na haƙiƙa duk suna komawa ga abu ɗaya. An kafa birnin wajen 1350, ya yi sama da shekara 400 yana mulki, sannan sojojin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, suka kewaye shi fiye da shekara guda, suka ci shi suka ƙone shi a watan Afrilu na 1767, aka kashe mutane, aka kwashe wasu bayi. A imanin mutanen ƙasar, wanda ya yi mutuwar wulaƙanci ba tare da an yi masa jana'iza ba, kurwarsa ba ta barin wurin, kuma suna kiran irin wannan phi tai hong. Shi ya sa kake jin masu gadi suna cewa sun ga mayaƙa cikin tsohuwar shiga a gindin bango. Haka kuma a Wat Phanan Choeng, inda akwai wani ƙaton mutum-mutumin Buda mai tsawon kusan mita 19 da ya girmi birnin kansa, ana cewa ya zubar da hawaye kafin garin ya faɗi.

Wanda ya fi kama hankalina shi ne Wat Ratchaburana. An gina shi a 1424 a wurin da aka ƙona gawar 'ya'yan sarki biyu da suka kashe juna a kan giwaye saboda gadon sarauta, ƙaninsu ya hau karaga a banza, ya gina musu wurin. A 1957 ɓarayi suka haƙa ɗakin da ke ƙarƙashin hasumiyar suka kwashi zinariya, kuma har yau ana ba da labarin cewa wasunsu sun haukace. Ko ka yarda ko kada ka yarda, zinariyar da aka ƙwato tana nan a gidan tarihi na Chao Sam Phraya, mai ɗauke da sunan ƙanin nan. Ka fara da gidan tarihin da rana, idan ka tsaya a gaban hasumiyar da dare za ka san abin da kake kallo.

Malam Habu: Hajiya, kin bar mini Pu Som, tsohon da ake cewa yana gadin dukiyar da aka binne kafin faɗuwar garin. Ana danganta labarinsa da Wat Kudi Dao, a ƙetaren kogi gabas da tsibirin, inda Yarima Bira, sanannen ɗan tseren motoci, ya je haƙar dukiya wajen 1960, aka ce ya ga wani dogon mayaƙi marar kai, ya tashi bai samu komai ba. Wurin ba ya cika da baƙi, kuma yana da duhu, don haka a je shi kafin rana ta faɗi. A matsayinmu na Musulmi mun san mamaci ba ya dawowa, aljanu kuwa gaskiya ne, kuma kufai matattararsu ce. Sagiru, ka yi azkar ɗinka na yamma, ka saurari labarin a matsayin tarihin mutane, amma idan aka miƙo maka turaren tsinke don ka kunna wa wata kurwa da ake cewa ita ce mai wurin, ka yi godiya ka ƙi cikin ladabi.

Zainabu: Da izinin manya, ni ban goyi bayan yawon ƙafa ba ko kaɗan. Abin tsoro a Ayuttaya da dare shi ne karnukan da ba su da masu su, waɗanda suke kwance lumui da rana, da zarar gari ya yi duhu sai su haɗa garke su tsare hanya, kuma ciwon haukan kare yana nan a ƙasar. Yaya Sagiru, ka ɗauki a-daidaita-sahun garin, mai kai irin na kwaɗo, ku yi ciniki a kan awa tun kafin ka hau, ya riƙa tsaya maka a kowane wuri yana jiranka. Keke ma ban ba da shawararsa ba, domin shi ne karnukan suka fi bi. Idan tsautsayi ya sa kare ya cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ka tafi asibiti a daren.

Alhaji Sani: Gaskiyarki, Zainabu, amma kada a hana shi takawa gaba ɗaya. Daga Wat Mahathat zuwa Wat Ratchaburana titi ɗaya ne ya raba su, kuma kasuwar dare ta Bang Lan tana kusa, da mutane da haske. Wannan yankin yana takuwa tsakanin magariba da isha. Abin da ya wuce nan, a hau mota.

Sagiru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar salla da abinci, da kuma abin da ya kamata in kiyaye don kada in ɓata wa masu gari rai.

Malam Habu: Wannan ba zai ba ka wahala ba, domin Musulmi sun daɗe a garin. Shehu Ahmad, wani attajiri daga Farisa, ya zauna a can tun farkon ƙarni na 17 har ya sami babban muƙami a fada, kuma kabarinsa yana cikin harabar jami'ar Rajabhat. Masallatai sun fi yawa a kudancin tsibirin da ƙetaren kogi. A titin U Thong, wajen babban asibiti, za ka tarar da masu sayar da roti sai mai, zaren sukari da ake naɗewa cikin siririn gurasa, kuma da yawansu Musulmi ne, su za su nuna maka inda ake cin halal.

Hajiya Binta: Game da kiyayewa, kada ka yi fito da baki da dare, domin a wurinsu kiran fatalwa ne, kuma direbanka ba zai ji daɗi ba. Idan ka ga itacen da aka ɗaure da ƙyallaye masu launi, ko ɗan ƙaramin gida a kan turke da aka ajiye wa jan lemon kwalba, ka wuce ba tare da ka taɓa ko ka yi dariya ba. Kada ka ɗauki ko ɓarin tubali, domin bayan abin da suke faɗa na la'ana, doka ma ta hana, wurin kuma yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1991. A Wat Mahathat, inda saiwoyin itace suka naɗe kan Buda, ana buƙatar mai ɗaukar hoto ya durƙusa don kada kansa ya fi na gunkin tsawo, saboda haka idan ba ka son durƙuson, ka ɗauki hoton itacen daga nesa ba tare da ka shiga cikin hoton ba. Tunda a Disamba za ka je, ka tambaya a masaukinka ko an fara bikin shekara na kayan tarihi, domin a kwanakinsa ana yin wasan haske da sauti a cikin kufan, kuma ɗakunan kwana sukan yi wuyar samu.