Ta yaya ake gane mazhabar ra'i ta kai iyakarta a kimiyyar siyasa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ana cewa duk bincike a kimiyyar siyasa sai an ɗora shi kan wata mazhabar ra'i, wato tsarin tunani da ke bayyana dalilin faruwar abubuwa. Wane aiki take yi takamaimai, kuma yaushe ake sanin ta gaza?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malama. Mazhaba ce ke nuna miki inda za ki duba da abin da za ki ƙyale. Ɗauki ra'in da ke cewa mutum lissafin riba yake yi. A 1957 masanin tattalin arziki Anthony Downs ya yi amfani da shi kan zaɓe: amfanin da za ki samu idan ɗan takararki ya ci, a ninka shi da yiwuwar ƙuri'arki ce za ta raba gardama, a cire wahalar fita. Inda masu zaɓe suka kai miliyoyi, wannan yiwuwar kusan sifili ce, wato bisa lissafin sai kowa ya zauna gida ke nan. Amma ga jama'a a layi. A 1968 masana kimiyyar siyasa Riker da Ordeshook suka ƙara jin nauyin zama ɗan ƙasa cikin lissafin. Lissafin ya daidaita, sai dai kusan duk bayanin ya koma kan abin da aka ƙara. A ganina iyakar ke nan.

Amsa ta biyu: Haka ne, Malam, amma ba kowane gyara ne faci ba. Masani Lipset ya nuna a 1959 cewa arziki da dimokuraɗiyya suna tafiya tare. Indiya kuwa tana zaɓe cikin talauci. A 1997 masana Przeworski da Limongi suka raba tambayar gida biyu, wato samuwar dimokuraɗiyya da ɗorewarta, suka ce arziki ba shi ke haifar da dimokuraɗiyya ba, hana ta rushewa yake yi. Wannan gyaran ya kawo sabon hasashe da za a iya gwadawa.

Don haka, Malama, kafin ki fara tattara bayanai, rubuta sakamakon da in kin gan shi za ki yarda ra'in ya faɗi. Kada kuma ki zaɓi ƙasashen da abin da kike bincike ya faru a cikinsu kaɗai. Sa waɗanda bai faru ba, in ba haka ba babu abin kwatantawa.

Amsa ta uku: A kula da matakin da ra'i yake aiki. Na masanin hulɗar ƙasashe Kenneth Waltz na 1979 rabon ƙarfi tsakanin ƙasashe yake kallo, da gangan ya ajiye siyasar cikin gida. Shi ya sa bai da abin cewa sosai kan wargajewar Tarayyar Sobiyet a 1991, domin daga ciki ta fara. In tambayarki ta cikin gida ce, nemi wani ra'in.