CD175 tana ƙyal-ƙyal in ta ɗau zafi: taimin ne ko fetur?

Mai Tsohuwar Honda:

Assalamu alaikum iyayen gida. Babur ɗina Honda CD175 ce mai kwantak (ƙarfen da ke buɗewa da rufewa ya ba fulogi wuta), batir bolt 6. Da safe lafiya lau take, amma in ta ɗau zafi aka murɗa totur a giya ta huɗu, musamman a hawan gadar Ƙofar Nasarawa da goyo a baya, sai a ji ƙyal-ƙyal kamar tsakuwa a gwangwani. In an sauko giya ta uku sai ƙarar ta ɓace. Wasu sun ce fetur ɗin yanzu ne ba shi da ƙarfi, a riƙa jefa kafur a tanki. Wasu sun ce a mayar da taimin baya kawai. Wanne zan bi? In taimin ne, nawa ake ragewa?

Bakaniken Fagge:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko kwantar da hankalinka, wannan ba irin bugawar da ake cewa inji ya buga ba ce. Ragowar mai da iska ne da ke cikin silinda suke fashewa da kansu kafin wutar fulogi ta iso gare su. Shi ya sa ba ka jin ta sai inji ya yi zafi, kaya sun yi nauyi, giya ta yi sama. Ƙarar tafet ko ta sarƙar taimin ba ta zaɓen hawa, ko a tsaye za ka ji ta. Amma in aka bar ta, tana cin kan fistin.

Kada a mayar da komai baya tukuna, a fara dawo da shi inda kamfani ya ajiye shi. Kuma tazarar kwantak ake fara gyarawa kafin taimin, domin tazarar ita kanta taimin ce: in ta yi faɗi wuta tana riga lokacinta, in ta matse tana makara. A juya inji har bakin kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, a sa filageji (siraran ƙarafan auna tazara), ya zama milimita 0.3 zuwa 0.4. In bakin ya yi ƙuraje, gefe ɗaya rami ɗaya tudu, filageji ƙarya zai yi maka. A goge shi ya daidaita ko a sake sabo, a kuma zargi kwandansa.

Daga nan a buɗe murfin hagu na ƙasa, a ajiye faranti don mai kan ɗiga. A jikin rota, wato faifan da ke juyawa da inji a bayan murfin, akwai T akwai F. T na gyaran bawul ne, F na wuta, kuma yara da yawa a gareji a nan suke ruɗewa. A samu ƙwan fitila bolt 6, waya ɗaya a wayar kwantak, ɗaya a jikin inji, a kunna makulli, a juya rota a hankali ta inda inji yake juyawa. Ƙwan ya kama daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke kafe a gefen rota. In ya kama kafin ta iso, wuta ta yi gaba. A sassauta sukurori biyun farantin kwantak a gusa shi ta inda kam, wato ƙarfen da ke buɗe kwantak, yake juyawa. In ya makara, a gusa shi akasin haka. A ɗaure, a sake gwadawa, don ɗaurewar kanta tana gusar da shi. Kada a bar makulli a kunne an tafi shan shayi, kwayil zai dafu.

Injiniyan Sharaɗa:

Oga ya gama magana a kan saiti, bari in taɓa batun man. Okten ba ƙarfin fetur ba ne, juriyarsa ce ga matsi da zafi kafin ya kama da kansa. Matsin CD175 kashi 9 ne bisa 1, kuma fetur na gidan mai a ƙasar nan ana sa ran ya kai okten 90 zuwa 91 a ma'aunin RON. Wannan ya ishi injin in lafiyarsa ƙalau. Abin da ya canja shi ne an daina zuba dalma a fetur, wadda a da ita ce ke ɗaga okten tana kuma kare mazaunin bawul. Kan injin Honda na alminiyam ne da mazauni mai tauri, don haka rashin dalma bai cika damunsa ba. Tsofaffin baburan Ingila masu kan ƙarfen zubi su ne abin ji. Duk da haka a riƙa auna tazarar bawul inji na sanyi, milimita 0.05. In tana ƙara matsewa duk lokacin da aka auna, mazauni ne yake lotsawa.

Inda ake samun matsala da gaske man galan ne na bakin titi. In an surka shi da kananzir, okten ya faɗi warwas, in kuma ya wuni a rana cikin roba, sassansa masu sauƙin tashi sun gudu. Gwajin mai arha ne: a juye tanki, a zuba lita 3 daga gidan mai, a koma wannan hawan da rana tsaka. Mai gurɓataccen kuwa ba sabon labari ba ne, kowa ya tuna fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022.

Kafur kuma a bar wa akwatin tufafi. Ɗan abin da zai ƙara ba ya kai a ji shi, ga baƙin da yake bari a fulogi da toshe jet.

Baba Mai Kwantak:

Yarana duk kun faɗi daidai, amma kun tsallake ɓarawon. Bayan farantin kwantak akwai abin da ke tura wuta gaba in gudu ya ƙaru, ƙarafa biyu masu buɗewa da ƙananan sifirin biyu. Babur da ya haura shekara arba'in, sifirin nan sun saki. Ƙwan fitila zai nuna maka F daidai a tsaye, amma da ka ɗan murɗa totur sai wuta ta yi tsalle ta kai ƙarshenta tun inji bai kai gudun da zai ɗauka ba. Ga ƙararka nan. Kama kam ɗin da yatsa ka murɗa ka saki. In bai koma da kansa tsaf ba, ko sifirin sun mutu ko tsatsa da ƙurar hunturu sun riƙe shi. A wanke da kananzir, a shafa giris kaɗan. In akwai fitilar taimin, a haska rota: inji na huci a hankali a ga F, in an ba shi wuta alama ta tsaya tsakanin layuka biyun da ke gaban F a jikin rota, kada ta wuce su.

Sai baƙin gawayi. Injin da ke shan baƙin mai yana tara shi a kan fistin, ya ƙara matsi, ya riƙe zafi. Haka kan injin da aka taɓa kai wa wajen masu injin gyara aka aske shi. Sai iskar sata ta robar da ke tsakanin kafireta da inji, ko matatar iska da aka cire aka yar. Mai ya yi ƙaranci, inji ya yi ta ƙuna. Cire fulogi ka duba: launin ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat yunwar mai ce, ɗigo-ɗigo kamar barkono a jikin farin kuwa fistin ne ya fara zuba. Fulogi NGK mai lamba 8, tazara 0.6 zuwa 0.7. Lamba 6 ta fi zafi, kada mai shago a Ƙofar Ruwa ya ce maka duk ɗaya ne don zaren ya shiga.

Mai Tsohuwar Honda:

Allah ya saka da alheri, Baba. To in an yi duk wannan ƙarar ba ta tafi ba fa?

Bakaniken Fagge:

A nan ne za a rage, digiri 2, iyaka 3. Auna faɗin rota: in santimita 10 ne, digiri ɗaya bai cika milimita ɗaya a bakinsa ba, wato ƙwan ya kama bayan F ta wuce alama da kusan milimita 2. A kula, kam rabin gudun karanshaf yake yi, digiri ɗaya a faranti biyu ne a inji, don haka gusawar kamar kaurin farce ce. A ja layi da ƙusa a faranti kafin a taɓa, don a san hanyar komawa.

In aka zarce, ƙarar za ta tafi, amma wutar za ta bi bawul ta fita: wuyan salansa ya yi shuɗi, ja ya ragu, shan fetur ya ƙaru, ƙarshe bawul ya ƙone. A zafin Afrilu, ana digiri 40 ga cunkoson Titin Zariya, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi. In kik yana dukan ƙafa kuwa, wuta ce ta yi gaba da yawa. Kuma Alhaji, a hawa da goyo a sauko giya ta uku tun daga gindin gada, a bar injin ya yi gudunsa.