Abin da aka tattauna kan ƙaramin baƙin macijin nan mai sheƙi

Jama'a ga taƙaitawar hirar fada kan macijin da ke fitowa da dare bayan ruwa ya ɗauke, musamman gonakin bakin Gulbin Maradi. Baƙi ne wuluk, yana ƙyalli, kansa ƙarami, cikin ƙasa yake zama shi ya sa masu noma da yara masu tonon rami suka fi gamuwa da shi.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun kamu. Wani dattijo ya ce a riƙe shi ta wuya, masu sani suka ce a'a Baba, wanga haƙoransa ta gefen baki suke fitowa, ko bai buɗe baki ba yana iya soke ma yatsa, kuma yatsar takan kumbura har ta ruɓe. To kar a taɓa shi sam.

In ya sari mutum a cire zobe tun kafin kumburi, ba ɗauri da igiya, ba tsaga da reza, ba tsotsa, a ɗora shi bisa moto sai likita. Baƙin dutsen nan da ake ɗorawa bisa wurin saran maciji an yi ta gardama kansa, ni dai ina bayan masu cewa ɓata lokaci ne. Fita da dare kuwa sai da takalmi da tocila.