Karen da ba a san mai shi ba ya ciji yaro a Birnin Kebbi: ƙofar wa ake bugawa?

Malamin firamare, Badariya

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin halin da muka shiga ya faɗa mana yadda tasa ta kasance. Ranar Talata ɗana mai shekara 7 yana dawowa daga makarantar allo dab da magariba, sai wani jan kare da ya saba kwana a bolar bayan layinmu ya taso masa ba tare da ya tsokane shi ba, ya kama shi a sharaɓa har haƙora biyu suka nutse. Kafin in fito daga masallaci samarin unguwa sun riga sun bi karen da sanduna da duwatsu, sun fasa masa kai a bakin kwata, sun jefa gawar a rami. A lokacin godiya na yi musu. Mahaifiyar yaron ta zuba wa ciwon ruwan buta ta ɗaure da tsumma, muka kai shi kemis aka yi masa allurar tetanus, muka koma gida muna ganin magana ta ƙare.

Washegari ne wata maƙwabciyarmu ta tashe mu tsaye, ta ce allurar tetanus daban, ta haukan kare daban, muka garzaya asibiti aka fara yi masa, aka rubuta mana ranakun dawowa a bayan kati. Abin da ya hana ni barci yanzu shi ne sauran karnukan, waɗanda na ƙirga biyar a wannan bola. Na je ofisoshi biyu. A na farko aka ce aikin likitocin dabbobi ne, a na biyu aka ce su karen da mai shi ya kawo suke yi wa allura, ba su da motar kamu. Mai unguwa ya ce zai kai maganar gaban hakimi. To, a doka, wa ke da alhakin karen da ba shi da uban gida?

Ma'aikaciyar jinya, Gesse

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin a zo kan doka, bari in tsaya kan ruwan butar nan, domin a nan ne mafi yawan iyaye suke yin asara. Abin da ake so shi ne a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, da agogo a hannu, ko da yaron yana ihu, sannan a shafa aidin idan akwai, a bar shi a buɗe, kada a yi gaggawar ɗinke shi. Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen, kuma sabulu yana lalata ta tun ba ta kama jijiya ba.

Na taɓa karɓar wani magidanci da aka kawo daga ƙauye, wanda kare ya ciza a hannu wajen wata biyu kafin nan, aka ƙona gashin karen aka shafa masa, ciwon ya warke sarai har ya manta. Ina tsaye ƙaninsa ya miƙo masa ruwa a moɗa. Mutumin yana jin ƙishirwa, yana miƙa hannu, amma da ruwan ya kusanci bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture moɗar da ƙarfi har ta bugi bango. Yana cikin hankalinsa, yana ba mu haƙuri. Bai kai kwana huɗu ba. Idan alamun suka bayyana kusan babu mai tashi, shi ya sa nake roƙonka kada ka tsallake ko ɗaya daga ranakun da aka rubuta maka, wato ranar farko, ta 3, ta 7, ta 14, a wani tsarin har da ta 28.

Likitan dabbobi mai ritaya, Rafin Atiku

Malam, ba zan zargi samarin ba, domin duk wanda ya ga jini a ƙafar yaro zuciyarsa ce za ta riga hankalinsa. Sai dai da suka fasa kan karen sun lalata shaidar da kaɗai za ta gaya mana gaskiya. A ƙwaƙwalwa ake gano cutar. Da an yanke kan da safar hannu, an sa shi cikin ƙanƙara an kawo mana, da an aika ɗakin gwaji, kuma babbar cibiyar da aka sani da wannan aiki ita ce ta binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato. Da kuma an iya kulle shi da ransa, da an sa masa ido kwana 10: karen da yake da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizo ba ya wuce wannan wa'adi lafiya lau. Allura dai a fara ta nan take, ba a jiran sakamako.

Akwai abin da na sha gani a shekarun aikina wanda mutane ba su sani ba. Ba kowane mahaukacin kare ne yake bin mutane da cizo ba. Wani lafewa yake yi a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, sai mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakin. Haka makiyaya suke yi wa saniyar da take ta kuka tana zubar da yawu. Na taɓa tura wani Bafillatani da 'ya'yansa biyu asibiti a kan haka, yana ta yi mini musu cewa saniya ba ta hauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne tsayinsu ya yi daidai da bakin kare, su ne kuma suke ɓoye ƙaramin yaƙushi don tsoron duka. Hukumar ta ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, yaɗuwar tana karyewa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara aka keɓe domin wannan cuta, kuma a wurare da dama lokacin ne ake samun rigakafin karnuka kyauta ko da rahusa.

Tsohon duba-gari, Nassarawa

Likita ya yi bayanin cuta, ni kuma bari in amsa tambayar Malam kai tsaye. Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai kula da ajiyewa da zirga-zirgar dabbobin gida kowane iri, tare da mahauta da kasuwanni da kwashe shara. Tun zamanin Turawa ma akwai dokar karnuka ta 1943, wadda ta yi maganar lasisi da kame karen da ke yawo. Saboda haka ba doka ce ta yi ƙaranci ba.

Abin da na gani a shekarun da na yi ina zaga gari da kakin aiki shi ne, dokar da take kawo tara ita ce take samun mai aiwatar da ita. Idan muka kama akuya tana ɓarna a kasuwa muka ɗaure, kafin la'asar mai ita ta turo yaro da kuɗi, har da ban-haƙuri. Idan ka kama kare, babu mai zuwa fansarsa. Kai za ka nemi keji, kai za ka ciyar da shi, kai ne kuma za a ciza, alhali ba a yi maka allurar kariya ba. Ko a cikinmu ma'aikata akwai masu ƙyamar taɓa shi. Don haka kowa ya fi son ya ce aikin wani ofishin ne, kuma ban cire kaina ba, na sha faɗin haka.

Shawarata, Malam, ka rage neman mai kama kare, ka nemi mai kwashe bola. Kare ba ya zama inda babu abinci. Ka duba da kyau, za ka tarar ana zubar da hanjin kaji ko ƙasusuwan masu tsire a wurin. Ku rubuta takarda, mutum goma ko fiye su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a kai sashen lafiya da tsaftar muhalli na ƙaramar hukuma, ku riƙe kwafin da aka buga wa tambarin karɓa. Maganar baki iska ce take ɗauka.

Mafarauci, Kalgo

Baba duba-gari ya faɗi gaskiya, amma ina roƙon kada takardar ta nemi a zuba guba. Ina da karnukan farauta huɗu, kowanne da katinsa na rigakafi. Bara wani ya ji haushin cizon da aka yi wa 'yarsa, ya barbaɗa wa nama maganin ɓera ya jefa a bayan gari. Biyu daga cikin nawa suka ci suka mutu, kajin maƙwabta suka mutu, har ungulu muka tsinta. Karen da ya yi cizon kuwa ko kusa da wurin bai zo ba. Bayan wata guda wasu baƙin karnuka, waɗanda ba a taɓa yi wa allura ba, suka maye gurbin.

Uwar yara, Jega

Ni abin da ya ba ni wahala samun allurar ne. Wuri na farko babu, na biyu akwai amma na tarar firjin a kashe saboda rashin wuta, kuma an gaya mini maganin ba ya jure zafi, sai na hau mota zuwa Birnin Kebbi da yarinyar a cinya. Kuɗin mota na zuwa huɗu ya kusa kamo kuɗin allurar. A ruɗewar ranar ko lambar gaggawa ta 112 ban tuna da ita ba, balle in san ko ana kiranta a kan kare.

Malamin firamare, Badariya

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba, na je bolar da asuba kamar yadda ka ce, na tarar da ledoji uku na hanjin kaji, kuma na gane rumfar da suke fitowa. Mai unguwa ya yi wa mai rumfar magana, ya yi alkawarin zai riƙa binnewa. Takarda ta samu sa hannun mutum 14, an karɓa an buga mana tambari, an ce mu saurara. Likita, na tambayi samarin, ashe biyu daga cikinsu sun ja gawar da hannu tsirara, ɗaya kuma yana da yanka a yatsa, jiya na raka shi asibiti da kaina. An yi wa yaron allurar rana ta 7, ciwon ya fara bushewa, yayansa ne yake raka shi makarantar allo ta ɗaya layin. Karnukan yanzu huɗu nake gani. Ranar Laraba mai zuwa za mu koma domin ta 14.