Wanda gaɓa ta taɓa goce mishi, ya zo ya ba mu labari

Ɗan Jega:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ne kabu-kabu yak kayar ɗazu hanyar kasuwa, kahwaɗatai ta dama ta sauka, ko kaɗan hannun ba ya ɗaguwa, tallabe shi yakai da ɗayan. Gida an rabu biyu, Baba na cewa a kira mai ɗori ni kuma ina cewa asibiti. Don Allah wanda irin haka ta taɓa samu ya hwaɗa muna yadda tak ƙare.

Tsohon ɗan kokawa, Argungu:
Wa alaikumussalam, Allah shi sawwaƙe. Ni tawa wurin kokawa ta fita ina saurayi, anka kai ni ga wani dattijo yas sa diddige cikin hamatata yaj ja, na ji ƙwas ta koma, nan take zafi ya sauka, gaskiya ba ni musun wannan. Amma abin da yab biyo baya shi na labarin. Kahwaɗar ta koyi fita. In ɗaga hannu in jefa birgi ta fita, in miƙa ina barci ta fita, har na iya maida ta da kaina. Da ƙarshe likita yac ce mini kan ƙashin cinya zaune yake cikin ƙugu awa taɓarya cikin turmi, ita ko kahwaɗa gurbinta ba zurfi, jijiyoyi da nama da wani ɗan leɓen guringuntsi ka riƙe ta, shi ya sa take juyawa ko'ina kuma shi ya sa cikin manyan gaɓoɓi ita ta fi yawan gocewa. Nawa leɓen ya yage tun ranar farko, kuma wai ga matasa ta fi maimaitawa. Sai asibitin ƙashi na Dala anka tura ni can Kano anka yi aiki. Ku kai shi yau, kada ku bari ta kwana waje, nama na ƙara ɗaurewa maida ta na ƙara wuya.

Uwar yara, Birnin Kebbi:
Nawa na yarinya ne yar shekara 3, yayarta ta fizgo ta da hannu za su tsallaka titi shi ke nan ta saki hannun ta ƙi taɓa komi da shi, ba kumburi ba komi sai kuka. Kakarta har ta aika a sawo man zafi. Asibiti likita ya ɗan murɗa hannun ya lanƙwasa gwiwar hannun, kafin mu kai bakin get ta karɓi biskit da shi. Yace kan ƙashin ne ya zame daga jijiyar da ta zagaye shi, yana yawa ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, a bar ɗaga su ko lilo da su da hannu ɗaya.

Wata nas:
Ɗan uwa dalilin da ya sa muke nacewa a kan hoto kafin a ja, sau da yawa gocewa na zuwa tare da tsagewa ko karaya kusa da kan ƙashin, ido ba ya rarrabe su, in aka ja da ƙarfi tsagewa ta zama karaya. Ga kuma jijiya mai kai saƙo da ta bi ta nan wajen, ku shafa gefen damtsensa ta sama ku tambaye shi ko yana jin taɓin, in wurin ya mutu ku faɗa ma likita. Ku rataye hannun da gyale a wuya, kar ya ci abinci ko za a yi mishi allurar barci. Abin da ya fi tsaya mini a rai a aikin nan yaran da ke faɗowa daga mangwaro su karye saman gwiwar hannu, a ɗaure da kara da tsumma tamau, hannu ya kumbura cikin ɗauri jini ya daina wucewa, yaro na ihu ana cewa raki ne, sai yatsu sun yi sanyi sun yi baƙi a kawo shi, wani lokacin ba abin da ya rage sai yankewa. Na gani da idona ba labari ba.

Manomi daga Yauri:
Hajiya nas gaskiya kika hwaɗi amma a yi ma masu ɗori adalci, ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ni na gurɗe idon sawu kan kunyar shinkafa, ƙafar ta lanƙwashe ciki gefen waje ya haye, mai ɗorin garinmu da ya ga ba ni iya takawa cewa yayi je ka ɗauko hoto tukun. Hoto yace ba karaya, targaɗe ne, bandeji da ƙanƙara da ɗora ƙafa bisa matashi. Kuma ku tuna wani ƙauyen kuɗin mota zuwa inda injin hoto yake ya fi kuɗin ɗorin gaba ɗaya, ba taurin kai ne kawai ke hana mutane ba.

Mai tsaron baya, Zuru:
Ku dai hoto ya taimake ku, ni hoto cewa yayi lafiyata lau. Wurin bal na juya ƙafa na kafe ƙasa naji ɗas cikin gwiwa, kafin magariba ta cika tim. Ƙashi ba abin da ya same shi, kumburi ya sace na koma fili, amma duk na zo yanke kwana sai gwiwar ta sake ni in zube. Ashe wanga hoton ƙashi yake nunawa, jijiya da guringuntsi sai MRI, wani irin hoto da ka nuna nama da jijiya. Shi ya nuna ɗaya cikin jijiyoyi biyu da suka gitta juna tsakiyar gwiwa ta tsinke, ta gaban, wadda ƴan bal ɗin Turai ke shafe wata da watanni a kanta. Yanzu fisiyo nike yi, wato motsa jiki na asibiti, ana ƙarfafa naman cinya, tafiya normal, tsugunno da zaman tahiya ne dai har yanzu sai a hankali. Likita yace in dai bal nike so in koma sai aiki. Akwai wanda anka yi ma wanga aikin a Sakkwato ko Kano ya hwaɗa mini nawa ya kashe?