Kulocin BMW 330Ci yana fizga tsakanin giya ɗaya da biyu, me zan canja?

Mai330: Assalamu alaikum. Motar BMW ce samfurin E46, 330Ci ƙirar 2004, mai giya shida ta hannu. Daga ɗaya zuwa biyu sai ta zabura komai lallaɓa ƙafa, kuma kulocin ba ya kamawa a wuri guda: yanzu sama, anjima ƙasa. Da safe giya biyu na da taurin shiga. Kulocin dai ba ya sulɓewa ko a hawa. An ce in saka kulocin tsere da fulawil mara nauyi. Masana, haka ne?

Dan_Gareji: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar kulocin tsere tukuna. A layin man kulocin motar nan akwai wani ɗan bawul da ake kira CDV, gefen hagu na giyabos, daidai inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyon roba, kusa da kulocin ƙasa (ƙaramar silindar da ke jikin giyabos mai tura kuloci). Ramin cikinsa ɗan mitsitsi ne. In ka taka, mai na wucewa ba matsala. In ka saki, sai ya riƙe man ya riƙa komawa a hankali. BMW sun saka shi ne don kare giyabos da aksul daga mai sakin kuloci farat ɗaya. Illarsa, ƙafarka ta gama tashi amma filet bai gama kamawa ba, kai kuma ka riga ka ba da wuta. Fizgar ke nan. Da yake kaurin mai na canjawa da zafi, wurin kamawar ma sai ya riƙa yawo.

Cire shi ba wuya. Ɗaga motar a kan tsayayyun ƙafafu, ba jak kaɗai ba. Matse tiyon da abin matsewa mara haƙori don kada mai ya tsiyaye. Sifana 11 irin ta bututun birki a kan notin, 17 ta riƙe bawul ɗin. In ka sa sifana mai buɗaɗɗen baki za ka cinye kan notin, aikin minti talatin ya zama na yini. Bututun yana ɗauruwa kai tsaye a tiyon. Fara ɗaurawa da hannu, don in zaren ya hau karkace yoyo ba zai tsaya ba.

Cire iska shi ne inda ake faɗuwa. Kuloci da birki tulu ɗaya suke sha, amma bakin na kuloci yana can sama a jikin tulun, saboda haka mai na ɗan sauka zai zuƙi iska alhali kana ganin saura da yawa. Cika shi maƙil, ka riƙa ƙarawa bayan kowane buɗewa biyu ko uku. Man birki DOT 4 sabo, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, rabin lita ya isa. Kada a kusanto da DOT 5, na silikon ne, ba ya gauraya da wannan. In feda ta ƙi tauri, kwance kulocin ƙasa, juya shi notin iskan ya kalli sama, ka tura sandarsa ciki da hannu a hankali. Amma kowa ya nisanci feda lokacin da yake waje, taka ɗaya fistin zai fito.

Injiniya_Z: Bayanin Oga daidai ne, sai dai bawul ɗin jinkirin kamawa kawai yake jawowa, ba shi da hannu a taurin giya biyu da safe. Wannan ciwo daban ne, a gwada kafin a sayi komai. Kashe inji ka zagaya giyoyin duka. In suna shiga sumul amma da an tayar sai tauri, kulocin ne ba ya saki gaba ɗaya. Tabbatarwa: fili shimfiɗaɗɗe ba kowa a gaba, giya ɗaya, feda a ƙasa, kai wuta wajen 4,000 a agogon juyin inji. In motar ta motsa, akwai iska a layi, ko kulocin sama (silindar da feda ke turawa) ya gaji, ko tsohon tiyon roba yana kumbura maimakon ya tura mai. Tiyo mai saƙar ƙarfe yana maganin na ƙarshen.

In kuwa taurin na tafiya da zarar mota ta yi zafi, man giyabos ne. An ce wai ba a canja shi har abada, to mai shekara ashirin a ciki ba abin da ya rage masa. Duba takardar da ke manne jikin giyabos. Galibin masu giya shida MTF-LT-2 ne, kuma ba ya cin lita 2. Kada a zuba 85W-140 na aksul, kaurinsa da santsinsa na hana zoben da ke daidaita gudun giya yin aikinsa. Fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na sama ya ƙi buɗuwa.

Tunda ana ƙarƙashin motar, a leƙa robobi biyu da giyabos ke zaune a kai, da faifan robar da ke haɗa shi da farfela. In sun tsage, ko an cire bawul fizgar na nan. Haka bushin ɗin sandar giya.

Dan_Gareji: Ƙwarai kuwa, Injiniya. Faifan robar nan yana yaudarar mutane sosai.

Tsohon_Direba: A kan kulocin tsere: injin M54 na motarka ƙarfin juyinsa 300 Nm ne, kuma kulocin kamfani mai faɗin milimita 240 na ɗauke da shi ba tare da wahala ba. Filet ɗin tsere mai kunnuwa huɗu ko shida ba shi da tsaka-tsaki, ko ya kama ko ya saki. A cunkoso sai karkarwa da ciwon gwiwa, kuma yana cin fuskar fulawil. Kai da ke neman laushi, akasinsa za ka saya da kuɗinka.

Fulawil na asali gida biyu ne da sifirin a tsakani, shi ke shanye girgizar inji. Mara nauyin yana sa wuta ta hau ta sauka da sauri, abin daɗi ga mai gudu, amma giyabos zai riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in mota na tsaye, tashi kuma sai an ƙara wuta. In dole sai an saka shi, a haɗa da filet mai sifirin a cibiya, domin na asali ba shi da su.

Ranar da kulocin ya ƙare da gaske, a sayi cikakken saiti na LuK ko Sachs, a canja boris ɗin saki, da ƙaramin boris na tsakiyar fulawil, da ɗan turken roba da cokalin kuloci ke jingina a kai. Murfin kulocin mai daidaita kansa ne, in an ɗaure shi ba bisa ƙa'ida ba zobensa na zamewa, sabon kuloci ya riƙa kamawa can sama. Kusoshin fulawil kuma ba a maimaita su.

Mai330: Allah ya saka da alheri. Robar da ake ƙara wa tsawo a ƙarƙashin feda fa?

Injiniya_Z: Tana rage tafiyar banza, amma ita ce ta ƙarshe, bayan an cire iska tsaf. Bar aƙalla santimita 2 tsakanin inda feda ta tsaya da inda kuloci ke fara kamawa. In ribas ta fara ƙara wajen shiga, ko mota ta ƙi tashi saboda makunnin feda bai taɓu ba, ka wuce gona da iri, rage tsawon.