Windows 10 na faɗuwa a VirtualBox idan an ƙara furosesa

Ɗan Jekadafari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Windows 10 cikin VirtualBox (manhajar da ke gudanar da kwamfuta ta kwaikwayo a cikin kwamfutarka) lafiya lau da furosesa ɗaya, amma da na ba shi huɗu sai shuɗin allo, CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT. Ina mafita?

Mai Gyara Pantami: Wa alaikumus salam. Ma'anarsa wani furosesa ya daina amsawa kan lokaci. In huɗu ne kacal a kwamfutarka, ba shi biyu, ka bar wa ainihin kwamfutar sauran. Ka tabbatar zaɓin I/O APIC a kunne yake a sashen System na saitin VirtualBox.

Malamin Kwamfuta Tudun Wada: Ɗan'uwa, duba ƙasan tagar VirtualBox da Windows 10 ɗin ke gudana a ciki. In ka ga koren kunkuru, Hyper-V (takwaran VirtualBox da ke cikin Windows) ne ya riƙe VT-x, wato fasahar furosesa da VirtualBox ke buƙata. A ainihin kwamfutar, buɗe cmd (tagar rubuta umarni) da ikon admin, rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, kashe Memory integrity a Windows Security, sannan ka sake kunna kwamfutar. Amma WSL2 (mai gudanar da Linux a cikin Windows) zai daina aiki.